Neman shawara: jagorar masu manhaja ta ce abu ɗaya, binciken rubutu yana yin wani

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. A nan Birnin Kebbi nake haɗa wa wata ƙungiyar manoman shinkafa manhajar waya da za ta riƙe sunayen mambobi da ƙauyukansu, kuma na ɗora ta ne a kan wani ƙunshi na kyauta (shiryayyen ɓangaren manhaja da wasu suka rubuta) da ke amfani da FTS5, sashen binciken rubutu na manhajar adana bayanai ta SQLite. Jagorar ƙunshin ta ce bincike ba ya kula da alamomin da ke jikin haruffa, shi ya sa na saki jiki. Ranar gwaji sakataren ƙungiyar ya rubuta "kauye" a wayarsa, wadda ba ta da haruffa masu ƙugiya, sai allo ya fito fayau, alhali "ƙauye" tana kusan kowane layi. Ga kuma misalin da suka bayar na saita unicode61, mai rarraba rubutu kalma-kalma domin bincike, na kwafe shi yadda yake, teburin bayanan ya ƙi kafuwa. Shin rahoton matsala zan kai, ko jagorar zan gyara? Ban taɓa tura wa kowa gyara ba, kuma ina jin nauyin yi wa waɗanda suka fi ni sani gyara.

Amsa daga Argungu:
Wa'alaikumus salam, ƙanena. Manhajar ba ta yi laifi ba, jagorar ce ta faɗi abin da ya wuce gaskiya. Zaɓin remove_diacritics na unicode61, wanda ake saitawa da lamba, yana cire alamar da Unicode, tsarin haruffan kwamfuta, ta ɗauka a matsayin ƙari a kan harafi, kamar alamar karin sauti da ke kan à, amma ƙ da ɗ da ɓ a wurinta haruffa ne masu zaman kansu, ba k da d da b da aka yi wa ado ba, saboda haka ko 1 ka sa ko 2, ba za su koma ba. Misalin kuwa, duba ko akwai alamar daidai (=) a tsakiya. Idan an rubuta remove_diacritics=0, tsarin FTS4 ne, wanda ya gabaci FTS5; a FTS5 fili ake bari tsakanin sunan da lambar.

Amsa daga Yauri:
Malam, jagorar za ka gyara, amma ka taƙaita. Kada ka sake rubuta shafin gaba ɗaya, domin wanda ke kula da ƙunshin a lokacin hutunsa ya fi saurin karɓar gyaran layi biyu. Ka haɗa da ɗan gwaji: tebur ɗaya, kalma ɗaya, bincike biyu, da lambar fitowar SQLite da ka gwada a kai. Batun jin nauyi kuma ka ajiye shi gefe, don da wuya a samu mai ƙugiya a allon rubutunsa cikin waɗanda suka rubuta jagorar.

Amsa daga Zuru:
Ni inda nake jan hankali shi ne kada ka nemi su mayar da ƙ ta zama k ga kowa. Baƙi ba baki ba ne, ƙafa ba kafa ba ce. A taka manhajar, ka ƙara wa teburin ginshiƙi na biyu mai ɗauke da rubutun da aka cire wa ƙugiya, ka yi wa abin da mutum ya rubuta irin wannan sauyin kafin bincike, asalin rubutun kuma ya zauna yadda yake. Ka kuma gwada "'yan", domin waƙafin sama a cikin MATCH, wato umarnin binciken, yana jawo kuskure idan ba a rufe kalmar da alamar zance (" ") ba.

Mai tambaya:
Na gode, Yaya, na duba, da alamar daidai aka rubuta. "'Yan" ma ta jawo kuskure kamar yadda aka ce, don haka gyaran ya zama layi uku. Zan tura musu bayan Isha'i in Allah ya yarda.