A ɗauki kurata dubu ɗari, shi ke nan an gama da 'yan bindiga?

Malam Sabo: Ina nan a kan bakana. Najeriya ƙasa ce mai mutum sama da miliyan 200, amma sojojinta na ƙasa da na ruwa da na sama ba su kai 250,000 ba, kuma su ake so su tsare Sambisa da dazukan Zamfara da bututun mai a Neja Delta. A ɗauki kurata dubu ɗari a shekara guda mu gani. Matasa na nan birjik, duk ranar da aka buɗe shafin ɗaukar soja, masu nema a Kano da Kaduna sun ninka guraben jiharsu nesa ba kusa ba.

Garba Tudun Wada: Malam, a ina za a horar da su? Depo na Zariya ke fitar da kurata tun 1924. Horon wata shida ne, zubi biyu ke nan a shekara, kowane zubi 'yan dubbai. Cunkoson ne ya sa aka buɗe wani a Osogbo. Kowane kurtu yana buƙatar gado, kaki, takalmi, bindiga, harsashin koyon harbi, da kofur ko saje da zai tsaya a kansa, su kuwa waɗannan daga bakin daga za a zaro su. In aka matse horon, za a fito da yaron da bai iya kwance AK-47 ya share ta cikin duhu ba. Hafsa kuma shekara biyar yake yi a NDA, makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna. Wa zai jagoranci dubu ɗarin?

Hajiya Binta: Ku duka kuna maganar ɗiban ruwa, ba wanda ya duba gindin tulun. A Yulin 2020 sojoji 356 suka nemi sallama a lokaci guda. Ba kurtu ke ban tausayi ba, saje mai shekara goma sha biyar a aiki, ko makanikin motar sulke, ko mai kwance bam. In irin wannan ya ajiye kaki, kurata goma ba su cike gurbinsa. Abin da ke korarsu a fili yake: mutum ya shekara uku ko huɗu a Arewa maso Gabas ba canji, alawus ya makara, iyali na ɗaki ɗaya a bariki, sannan yana ganin waɗanda suka yi ritaya suna zanga-zanga a Abuja kan haƙƙinsu.

Malam Sabo: Hajiya, ai kin kama mini. Me ya hana canjin in ba ƙarancin mutane ba? Ƙa'ida ita ce kowace bataliya da ke daji akwai ɗaya tana hutu, ɗaya tana atisaye. Uku don ɗaya. Mu kuwa duka ukun suna daji.

Garba Tudun Wada: Nan kam ka yi gaskiya, amma duba inda suke. Soja a shingen hanya yana leƙa but ɗin mota, soja a rumfar zaɓe, soja a rikicin gona. Aikin ɗan sanda ne wannan, har da na mobayil. A janye su daga nan, an samu bataliyoyin canji ba tare da an ɗinka kaki ko ɗaya ba.

Malam Sabo: A janye su a bar wa wa hanyar? 'Yan sandan ma ba su isa ba, shi ya sa Katsina ta kafa nata dakarun a 2023, Zamfara ta fito da askarawa a 2024.

Hajiya Binta: Akwai kuma rabon gurabe, Malam. Dokar daidaito ta sa kowace jiha na da kasonta. Rundunar soja da kanta ta sha kokawa cewa jihohin Kudu maso Gabas ba sa cike nasu, alhali a nan ana mayar da lafiyayyun yara gida bayan sun ci gudu da gwajin asibiti. Dubu ɗarin nan, a wane lissafi za a raba su?