Allurar maɓallina ta ƙi bin sauti, ku taimaka

Salamu alaikum ƴan uwa. Daga Yamai nake, ina haɗa wata ƴar manhajar tace sauti da JUCE (kayan aikin rubuta manhajojin sauti), don wani abokina mai situdiyo da yake naɗar kalangu da gurmi. Ya ce maɓallan da suka zo da ita ba su da kyan gani, shi ne na zana nawa mai murɗawa a cikin drawRotarySlider, wato wurin da ake rubuta yadda za a zana maɓallin da allurarsa.

Maɓallin yana tafiya daga 20 zuwa 20,000 Hz (ma'aunin kaifin sauti). Da yake kunne ba a miƙe yake jin sauti ba, na sa setSkewFactorFromMidPoint a kan 1,000 don ya faɗo tsakiya. Sautin kam lafiya lau. Allurar ce matsala: in na murɗa har rabi tana nan maƙale a gefen hagu kamar an ɗaure ta, sai dab da ƙarshe ta zabura a guje. Kwana 3 ke nan, har shayina ya sha hucewa a gaban kwamfuta.

Da getValue, mai ba da ainihin lambar Hz, nake lissafa kusurwar allurar. Nan ne na ɓata, ko sliderPos, mai nuna iya inda aka murɗa maɓallin, ya kamata in ɗauka? Wanda ya taɓa cin karo da wannan, don Allah ya nuna mini layin lissafin.