Sikirif ya tsaya cak yana jiran kalmar sirri: wa ya taɓa shiga wannan?

Mai ɗakin kwamfuta: Assalamu alaikum. Ina kula da kwamfutocin wata makaranta, duk Linux ne a kansu. Na rubuta sikirif, wato jerin umarnin da kwamfuta ke bi da kanta, da zai shiga kowacce ta ssh (manhajar shiga wata kwamfuta daga nesa) ya sauya kalmar sirrin ɗalibai. Na tura kalmar shiga ta bututu (hanyar da manhaja ke miƙa wa wata rubutu) da umarnin echo, amma ssh ya yi kunnen uwar shegu da ita, ya tsaya sai na buga da hannu. Jiya har bayan Isha ina bin su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya taɓa fama da wannan ya ba mu labari.

Dattijon saba: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ai ssh ba ya karɓar kalmar sirri ta bututu, kai tsaye yake buɗe /dev/tty, wato taminal ɗin da mutum ke buga umarni a ciki, don ya tabbatar mutum ne a zaune. Irin wannan ne ya sa Don Libes na hukumar NIST a Amurka ya fitar da manhajar Expect a 1990, a kan yaren kwamfuta na Tcl. Expect yakan buɗe wa manhajar da ke tambaya taminal na bogi, ya jira ta yi tambaya, ya amsa mata. Na daɗe ina aiki da shi, kuma ya taɓa kunyata ni. Sikirif ɗina yana jiran "(yes/no)?", tambayar da ssh ke yi a karon farko da za a shiga wata kwamfuta, sai OpenSSH 8.0 ya fito a 2019 ya ƙara "[fingerprint]" a cikin tambayar. Expect bai yi ƙorafi ba. Daƙiƙa 10 yake jira, in bai ga abin da yake nema ba sai ya wuce layi na gaba abinsa. Mako guda ina zargin intanet da nauyi. Abin da ya tayar min da hankali daga baya shi ne, da tambayar ta sauya ta wata fuska, da kalmar sirri zai buga inda bai kamata ba.

Malama mai Python: Gaskiya ne Baba, shi ya sa na fi son pexpect, takwaran Expect a yaren Python. In daƙiƙa 30 suka cika, kuskure yake jefowa, ba ya wucewa shiru. Ni tawa maƙalewar ma ba kalmar sirri ba ce. Na tayar da manhaja da Popen na Python, na haɗa mata bututu, na kira wait() don in jira ta gama. Bututun Linux kilobait 64 yake ɗauka. Da ya cika, ita tana jira in kwashe, ni ina jira ta gama, muka zuba wa juna ido. communicate(), mai kwashe bututun yayin da yake jira, shi ne ya raba mu.

Ɗan koyo: Ni kuma na kashe sikirif, ashe 'ya'yansa, wato manhajojin da ya tayar, na nan da rai suna cin ƙwaƙwalwa. Sai da aka nuna min start_new_session da os.killpg, hanyar kashe shi tare da su.

Injiniyan dare: Malam mai ɗakin kwamfuta, naka bai kai ga Expect ba. Yi mabuɗin shiga ba tare da kalmar sirri ba da ssh-keygen, ka rarraba shi da ssh-copy-id sau ɗaya. Sauya kalmomin kuma chpasswd ne aikinsa, shi yana karanta bututu lafiya lau in kana root, wato mai cikakken iko a kwamfutar.

Mai ɗakin kwamfuta: Allah ya saka da alheri. Na bi ta mabuɗi da chpasswd, an gama kafin La'asar. Kwamfutoci biyu ne suka ƙi, da na je dubawa na tarar yara sun zare musu waya.