Wane irin oga kuka taɓa yi wa aiki?

Abban Sadik, Unguwar Rimi: Assalamu alaikum. An ba ni riƙon sashenmu a wani kamfanin rarraba kaya a Kakuri, nan Kaduna, kuma cikin waɗanda zan shugabanta har da sa'o'in babana. Don Allah kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa: me ogansa ya yi da ya haɗa kan ma'aikata, ko ya raba su?

Baba na Masaƙa, Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Allah ya taya ka riƙo, ɗana. Ni na yi aiki lokacin da Kakuri take Kakuri, jiniya na kaɗawa ka ga kekuna sun cika titi. Masaƙar KTL (Kaduna Textiles Limited) a 1957 ta fara aiki, sauran masaƙun suka biyo bayanta, a ɗayansu na ci ƙuruciyata. Aikin masaƙa a sarƙe yake. In masu kaɗi suka fitar da zare marar ƙwari, mu masu saƙa za mu wuni muna ƙulli, masu rini kuma su karɓi yadi mai aibu, kowa na tsine wa na bayansa. Sai aka kawo mana wani foman, bai iya dogon jawabi ba, amma ya kafa doka guda: ba mai tashi sai wanda zai canje shi ya iso, sun tsaya tare a gaban inji, ya gaya masa wanne ke tsinka zare, wanne ke zafi. Da can 'yan dare kan lallaɓa injin da ya fara ciwo su bar wa 'yan safe. Daga baya ya riƙa tura mu sashen kaɗi mu yini. Ranar da na shaƙi ƙurar audugar wurin, zagin masu kaɗi ya fita daga bakina.

Maman Ikram, Barnawa: Sannu Baba. Mu a asibiti jadawalin aiki ne ke haɗa faɗa. Wata shugabarmu a ɗaki take rubuta shi ita kaɗai, 'yan lelenta ba sa ganin aikin dare. Gaisuwa ma sai da ta gagara a tsakaninmu. Wadda ta gaje ta kuwa, a kan tebur take shimfiɗa takardar kowa na gani, ta fara sa sunanta a daren da kowa ke gudu. Abokan aikinmu Kirista su riƙe mana Sallah, mu riƙe musu Kirsimeti da Ista. A garin nan kun san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mai Walda, Panteka: Hajiya, gaskiya ne, amma kada Abban Sadik ya ɗauka laushi ne kaɗai magani. Ogana ba ya wasa, ka makara ka ji a jikinka. Abin da ya riƙe mu shi ne, in mai kaya ya dawo da ƙofa don awo bai yi ba, ba ya taɓa nuna yaro da yatsa. Cewa yake shagona ne, zan gyara. Sai mutumin ya tafi sannan ya ja mai laifin bayan shago. Kuɗin aiki kuma a gaban kowa ake raba shi.

Ɗan Kawo: Ni dai kada ka yi irin na manajanmu a banki. Duk yamma sai ya jera sunayenmu a WhatsApp da abin da kowa ya shigo da shi, na ƙarshe ya sha gori. Yanzu kwastoman juna muke ƙwacewa.

Abban Sadik: Na gode ƙwarai. Baba, dattawan fa? Akwai wani direba da ya fi shekara ashirin a wurin, nauyin ba shi umarni nake ji.

Baba na Masaƙa: Kada ka aika a kira maka shi ofis. Taka ka same shi a gindin motarsa, ku gaisa, ka tambaye shi yadda za a raba lodin Zariya da na Kafanchan. Ya fi ka sanin hanyar. In ya faɗa, ka sanar a gaban sauran direbobi cewa shawararsa ce.