Bayan motata ya zauna, ko sifirin ne?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masana mota. Corolla ƙirar 2005 nake hawa a Jos, bayanta ya zauna ko da babu kaya a but. Na auna daga ƙasa zuwa bakin jiki, hagu ya gaza dama da kusan yatsu biyu. Mutum uku suka shiga baya kuwa, taya sai ta riƙa gogar jiki a kowane rami.

Na canza shokozoba biyun, rawa ta ragu, amma motar ba ta ɗago ba. Wani bakanike a Farin Gada ya ce a cusa roba tsakanin zoben sifirin, ni kuma hankalina bai kwanta ba, yara nake ɗauka.

Don Allah, yaya ake gane sifirin ya gaji ne ko ya karye? Dole a canza biyun tare? Na Beljiyam yana da ƙarko?