Ya ce in rufe ƙorafi zai turo min kuɗina, in yarda?

Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Na sayi waya a wata kasuwar intanet, wurin wani mai shago a cikinta. A hoto sabuwa ce fil. Da kati na biya, ta cikin manhajar kasuwar. Da kaya suka iso kwalin na asali ne har da ledarsa, amma wayar ciki tsohuwa ce, gefen gilashinta a tsage, batirinta ba ya riƙe caji. Na danna *#06#, lambar IMEI (lambar shaida ta musamman da kowace waya ke da ita) da ta fito daban da ta jikin kwalin. Na shigar da ƙorafi a manhajar. Yanzu mai shagon ya biyo ni WhatsApp yana ta rantse-rantse, wai yaron shagonsa ne ya yi kuskure, in rufe ƙorafin zai turo min kuɗin kai tsaye. In yarda? Idan kuma ya cinye, wace hanya doka ta ba ni?

Wata 'yar'uwa ta amsa:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kar ki kuskura ki rufe. Ƙorafin nan shi ne igiyar da kika riƙe shi da ita. Mai niyyar biya ta cikin manhajar zai biya, ƙorafin ya rufu da kansa. A PayPal, manhajar biyan kuɗi ta intanet, alal misali, wanda ya rufe ƙorafi ba ya iya sake buɗe shi, kuma irin waɗannan mutane sun san haka sarai. Ki ce masa duk magana ta koma cikin manhaja.

Wani ɗan'uwa mai aikin banki ya ce:
Malama, biyan da kika yi da kati shi ya cece ki. Idan kasuwar ta ƙi raba gardama, ki je bankinki ki ce kina ƙalubalantar cinikin, domin kayan da aka kawo ba su ne aka siffanta ba. Bankinki zai nemi a janyo kuɗin daga bankin mai sayarwa. Amma abin yana da wa'adi: a tsarin Visa da Mastercard galibi kwana 120 ne, shi ya sa mazambata ke jan mutum da "gobe, jibi". Banki ba ya aiki da labari, hujja yake so. Tun yau ki ɗauki hoton tallar kafin ya goge ta, da shaidar biya, da hirarku, da lambar IMEI ta waya kusa da ta kwali a hoto guda. Da a ce tiransifa kika yi masa zuwa asusunsa, da maganar ta yi wuya, don da zarar ya kwashe kuɗin sai dai bi ta hukuma.

Wani ya ce:
Ni dai a ganina ta kai shi wurin 'yan sanda kawai. Wannan ai zamba ce cikin aminci.

Wata lauya ta amsa masa:
Zamba ce, ban musa ba, kuma yana da kyau a kai rahoto don kar ya cuci wasu. Sai dai aikin 'yan sanda hukunta mai laifi ne, ba lallai kuɗinta su dawo ta nan ba. Maido da kuɗi hanyarsa daban. Bayan kasuwar da banki, sai hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasar da kike. A Najeriya FCCPC ce, wadda dokar 2018 ta kafa. A Tarayyar Turai mai saye ta intanet yana da kwana 14 na fasa ciniki ko da babu dalili, da garantin shekara 2, amma idan daga ɗan kasuwa ya saya, ba daga mutumin da ya sayar da kayansa na gida ba. A Amurka tun 2023 doka ta wajabta wa kasuwannin intanet tantance manyan masu sayarwa. Daga ƙarshe akwai kotun ƙananan ƙararraki, inda ba dole sai da lauya ba. Matsalarta guda: sai kin san sunansa na gaskiya da adireshin da za a kai masa sammaci. Wani abu kuma da ke damuna, tunda kin faɗi wannan a fili, za ki ga masu turo saƙo wai su ƙwararru ne wajen ƙwato kuɗi, ki biya su kafin aiki. Su ma mazambata ne.

Mai tambaya ta dawo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ban rufe ba. Yanzu kuma ya ce in fara maido masa da wayar.

'Yar'uwar farko ta ce:
Sai kasuwar da kanta ta umarce ki, kuma zuwa adireshin da ita ta bayar. Ki ɗauki bidiyo lokacin da kike naɗe ta, lambar IMEI ta fito sosai, ki aika ta hanyar da ke ba da lambar bin diddigin kaya, ki adana rasit ɗin har kuɗin su shigo.