Neman kalmar Hausa: me za mu kira "sitirimin"?

Malamar Fassara:
Assalamu alaikum malamai da injiniyoyi. Kalmar da nake nema wa Hausa ita ce wadda Turawa ke cewa "streaming", mu kuma bakinmu ya mayar da ita sitirimin. Duk mai rubuta wa jama'a bayanin yadda za su daina biyan kuɗin talabijin na kebul su koma kallo ta intanet, sai ya ci karo da ita a kowane layi. Abin da ake ta amfani da shi uku ne: "kai tsaye", "watsawa", da "kallo ta intanet". Na farko ba ya ɗaukar fim ɗin da aka yi shekara goma da ɗauka. Na biyu aikin gidan talabijin ne, ba na mai kallo ba. Na uku ya bar mai sauraron rediyo da karatu a waje. Ina son kalma guda wadda za a iya yin aikatau da ita, a kuma yi suna.

Injiniya:
Wa'alaikumus salam Malama. Kafin a raɗa suna gara a ga jaririn. Ga abin da ke faruwa idan an danna fim a Netflix ko YouTube. Ba a aiko da fim ɗin dunƙule. An yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa daƙiƙa 2 zuwa 10, kuma kowace an ajiye ta a matakai daban-daban na kyawun hoto. Na'urarki za ta roƙi gunduwa ta farko, ta auna saurin da ta iso, sannan ta yanke shawarar ko ta gaba za ta karɓo mai kyau ko mai dishi-dishi. Tana tara 'yan gunduwoyi a gaba don kada kallo ya tsaya, wanda aka kalla kuma ta zubar. Manyan tsare-tsaren wannan aika bidiyo gunduwa-gunduwa biyu ne: Apple ne ya fito da tsarin HLS a 2009, sannan MPEG-DASH ya zama ma'aunin duniya a 2012, kuma kusan duk manyan kamfanonin a kan ɗayan biyun suke.

To abin da ya raba shi da saukewa ke nan: abin da aka sauke yana zaune a na'ura, ko an kalle shi sau goma data ba ta motsa ba. Wannan kuwa duk kallo sabon biya ne. Kalmar da ba ta nuna wannan ba, ba ta taimaki mai zaɓen intanet ba.

Ɗan Rediyo:
Ni dai ban ga laifin "watsawa" ba. Shekara da shekaru ana cewa watsa shirye-shirye, kunne ya saba. A ce "watsawa ta intanet" a wuce wurin.

Injiniya:
Yallaɓai, watsawa ita ce a jefa siginal guda a iska, mutum ɗaya ya kama ko miliyan, duk ɗaya ne ga mai jefawa da mai kamawa. A nan kowace talabijin layinta daban. Idan maigida na kallon ƙwallo a falo, yara na kallon wannan ƙwallon a ɗaki, data biyu ake ci, gudu biyu ake buƙata. Mutumin da aka ce masa "watsawa" zai ɗauka kamar kebul ne, ya kunna talabijin uku ya bar su, sai tsakiyar wata ya ji labarin data ta ƙare.

Malamin Hausa:
Fassarar kalma da kalma za ta ba mu "ƙorama", amma ba a cewa "ina ƙorama fim", don haka a ajiye ta. Aikin ruwan ake nema, ba sunan rafin ba. Muna da gudana, malala, tsiyaya, kwarara. Malala ruwa ne da ya bazu ba hanya. Tsiyaya kaɗan-kaɗan ce. Gudana ta riga ta tafi ga taro da bincike, "ana gudanar da". Saura kwarara, kuma ita nake goyon baya, saboda Hausa ta riga ta fitar da ita daga ruwa: muna cewa kwararowar hamada, muna cewa kwararar 'yan gudun hijira. Kuma tana da gaɓoɓin da Turancin ma ba shi da su. Kamfani yana kwararar da shiri. Shirin yana kwararowa zuwa gidanka. Mai kallo ya kwararo fim maimakon ya sauke shi. Suna kuma: kallon kwarara, sauraron kwarara, dandalin kwarara. Wanda ake yi a lokacin da abin ke faruwa, kwarara kai tsaye.

Malamar Fassara:
Allah ya gafarta Malam, ta yi daɗin baki. Sai dai a gwada ta a cikin bayani na gaske a ji ko za ta ɗauki kaya. Injiniya ko Mai Jan Waya, a taimaka a rubuto yadda ake zaɓen intanet ɗin gida da wannan kalmar.

Mai Jan Waya:
Bismillah. Abu biyu ake sayarwa a cikin kowace yarjejeniyar intanet, mutane kuma ɗaya suke kallo. Akwai gudu, wanda ake aunawa da megabit a daƙiƙa, akwai kuma yawa, wanda ake aunawa da gigabait a wata. Tallan kamfanoni duk a kan gudu yake, alhali mai kallon kwarara yawa ne ke kayar da shi.

Gudu tukuna, don shi ne mai sauƙi. Matakan kyawun hoto sunansu 480, 1080 da 4K, kowane ya fi na gabansa kyau. Netflix da kansa megabit 5 yake nema don hoton 1080, megabit 15 don 4K. YouTube na neman 5 don 1080, 20 don 4K, sannan 480 bai kai megabit 2 ba. A ƙirga yawan allon da za su kunnu lokaci guda da daddare, ba yawan mutanen gida ba. Talabijin biyu a kan 1080 megabit 10 ke nan. A ƙara wa wayoyi da kiran bidiyo, 25 ya wadatar. Gidan da ke da 4K biyu, 50 ya ishe shi. Biyan megabit 1000 don kallon fim asarar kuɗi ce, hoton ba zai ƙara kyau ko da ƙwayar zarra ba, domin dandalin ba ya kwararar da fiye da abin da ya tanada.

Yawa kuwa ga lissafinsa, da alƙaluman Netflix: hoto na gama-gari har giga 1 a awa, mai kyau har giga 3, 4K har giga 7. Gidan da ke kallon awa 4 a rana a talabijin ɗaya, a wata zai iya cin giga 120, ko 360, ko 840, gwargwadon matakin hoton. Idan talabijin biyu ne a ninka, kafin a ankara data ta kwarare. Wanda ke son ya yi lissafin da kansa ya tuna bit 8 ne bait 1: megabit 5 sau daƙiƙa 3,600, a raba da 8, ya ba da megabait 2,250, wato giga 2 da kwata a awa.

Saboda haka tsari mai megabit 30 marar iyaka ya fi mai megabit 300 da aka ƙayyade wa giga 100. Kuma kalmar "marar iyaka" ma a karanta ƙananan rubutun da ke ƙarƙashinta. Da yawa suna da sharaɗin cewa in an kai wani adadi za a shaƙe gudun har ƙarshen wata. Wasu tsare-tsaren wayar hannu kuma suna danne bidiyo a 480 ko da gudun ya kai, ko su ware ɗan abin da za a iya raba wa talabijin daga waya.

Malamin Hausa:
Kun ji, har "data ta kwarare" ta samu wurin zama ba tare da an nema ba.

Injiniya:
Bari in ƙara nau'in layi, don araha ba a farashin takarda kaɗai take ba. Inda faiba, wato wayar zaren gilashi mai aika bayani da haske, ta kai, ita ce gaba: ba ruwanta da nisa ko hadari, kuma saukewa da ɗorawa kan zo kusan daidai. Intanet ta wayar kebul tana da gudu, amma unguwa ake rabawa, don haka takan yi sanyi da daddare lokacin da kowa ya zauna kallo. DSL ta wayar tarho tana raguwa gwargwadon nisan gida da akwatin kamfani. Rauta, wato na'urar da ke raba intanet a cikin gida, mai sim na 4G ko 5G ba ta buƙatar haƙa ko jan waya, sai dai ƙarfinta ya dogara ga nisan turken sadarwa da cunkoson mutane a kansa; a ajiye ta bakin taga a gwada ɓangarorin gida kafin a yanke hukunci. Tauraron ɗan'adam na can nesa yana da jinkirin da ya haura rabin daƙiƙa, wanda ba ya damun fim saboda abin da na'ura ta tara a gaba, amma yana ɓata kiran bidiyo. Na ƙasa-ƙasa irin Starlink jinkirinsa kaɗan ne, sai dai kuɗin kayan farko da nauyi.

Duk wanda za a ɗauka, a auna shi tsakanin ƙarfe 8 zuwa 10 na dare da shafin auna gudu irin fast.com ko Speedtest. Awon hantsi ƙarya yake yi.

Ɗan Rediyo:
To in an yarda da kwarara, me za a kira wannan da'irar da ke juyi a tsakiyar allo?

Mai Jan Waya:
Wannan jama'a sun riga mu, "yana lodin" suke cewa, a bar musu. Abin da na'ura ke tarawa a gaba shi za a iya kira tanadi: tanadi ya ƙare, sai lodin. Kuma sau da yawa laifin ba na kamfanin intanet ba ne, na waifai ɗin cikin gida ne. Rauta a ƙasa, a bayan talabijin, ko cikin kabad, rabin ƙarfinta ya tafi. A ɗaga ta sama a tsakiyar gida. Yawancin rautoci suna ba da waifai a zango biyu, 2.4 da 5. Zangon 2.4 yana ratsa bango ya yi nisa, amma maƙwabta duk a kansa suke, har na'urar ɗumama abinci tana shiga masa. A cikin tashoshin wannan zango da ake zaɓa a saitin rauta, 1 da 6 da 11 ne kawai ba sa hawan juna. Zangon 5 ya fi gudu da tsabta amma bango biyu na kankare sun isa su gajiyar da shi. Talabijin ba ta yawo, don haka in da hali a ja mata waya daga rauta: waya samfurin Cat5e na ɗaukar megabit 1000 har mita 100. Hanyar gane mai laifi: a auna da waya a jikin rauta, a sake aunawa ta waifai a wurin talabijin. In na farko ya yi kyau na biyu ya faɗi, ƙara kuɗin wata ba zai gyara komai ba.

Tsohuwar talabijin ma ba sai an sauya ba muddin tana da ramin HDMI. 'Yar sandar kwarara da ake soka wa a ramin, irin Roku ko Fire TV ko makamancinsu, ta isa. A ba ta wuta daga cajarta a soket, domin ramin USB na talabijin da yawa wuta kaɗan, rabin amfiya, yake bayarwa, sai ka ga sandar tana mutuwa tana tashi a tsakiyar fim. Sannan a riƙa tsayar da shirin kafin a kashe talabijin. Allo ya mutu ba ya nufin kwarara ta tsaya. Sandar na iya ci gaba da jawo kashi na gaba ba mai kallo.

Malamar Fassara:
Saura dandalin da za a biya. A nan ne nake ganin mutane ke gudun kebul su faɗa abin da ya fi shi tsada.

Hajiya Mai Lissafi:
Gaskiyarki 'yar'uwa. A ɗauki takarda a yi mako guda ana rubuta abin da gidan ke kalla da gaske. Yawanci tasha biyar ko shida ce a cikin ɗaruruwan da ake biya. Labarai da tashoshin ƙasa, eriya na kamo su kyauta inda siginal ya kai, ba sa cin data. YouTube kyauta ne da talla, haka Pluto TV da Tubi a ƙasashen da suke aiki. Netflix ya buɗe tsari mai talla mai rahusa a Nuwamba 2022, amma ba a kowace ƙasa ba. Dabarar da ta fi rage kuɗi ita ce karɓa-karɓa: dandali ɗaya a wannan wata, a kalli abin da ake so, a soke, wata mai zuwa a ɗauki wani. Yawancinsu wata-wata ne, ba tarar fita. Ranar da aka shiga gwajin kyauta a sa ƙararrawar ranar sokewa, don da kansa yake cirar kuɗi.

Kafin a yanke kebul a tambayi abu huɗu: nawa intanet zai koma in an cire talabijin daga haɗin da ake biyan su tare, tunda ragin haɗaka zai tafi, wata nawa farashin shiga zai yi kafin ya tashi, akwai tarar karya yarjejeniya ko babu, kuma rauta haya ce ko mallaka. A mayar da dikoda a karɓi rasit. Mai son ƙwallo shi ne lissafinsa kan ƙi fita, saboda an rarraba haƙƙin nuna gasa tsakanin kamfanoni, kuma kwarara kai tsaye takan makara da rabin minti ko fiye, har maƙwabci mai eriya ya riga ka ihu. Akwatunan nan da ake cewa duk tashoshin duniya kyauta har abada, satar fasaha ce, ana rufe su ba sanarwa, wasu ma da manhajar ɓarna suke zuwa.

Ɗan Rediyo:
Na sauka daga kan watsawa, ranki ya daɗe, tunda kun nuna kowane allo nasa layin. Amma a labarai zan riƙa cewa "kwarara ta intanet" a ambaton farko, sai a na biyu in bar ta ita kaɗai, har kunne ya saba.

Malamar Fassara:
Hakan ya yi. Ga yadda za su shiga jerin kalmomi: kwarara ga aikin kansa, kwararar da ga kamfani, kwararo ga mai kallo ko sauraro, kwarara kai tsaye, dandalin kwarara, tanadi, lodin. Saukewa da ɗorawa suna nan yadda aka san su. Wadda ta rage ita ce ta kallon abin da mutum ya zaɓa a lokacin da ya so, kishiyar kai tsaye. Malam ya kawo "kallon ga-dama", Injiniya na ganin ta yi kama da raini. A kawo wasu.